Yadda Mutanen Ingila Su Ke Sake Dabarar Yankan Ciyawar Gida

Duk wanda ya taɓa ganin hoton gidajen Ingila ya san ba abin da mutanen ƙasar su ke alfahari da shi kamar ɗan filin ciyawa da ke gaban gida ko bayansa, kore shar, an aske shi sumul kamar an shimfiɗa darduma. Daga can ne al'adar ta iso mana, har mu ke ganinta a gidajen Gwamnati da filayen makarantu. To, ga shi yanzu masu abin da kansu sun fara sake tunani a kansa, saboda haka mu ka ga ya kamata mu bayyana wa malamai dalili.

Abin da ya sa ciyawa ta ke yin kyau a Ingila ba yawan ruwa ba ne kamar yadda a ke zato. Ruwan da a ke yi a Landan a shekara bai wuce kamar inci 24 ba, alhali kuwa na Kaduna ya kan kai kusan ninki biyu na wannan. Bambancin shi ne namu ya kan zuba cikin wata shida ya ɗauke, nasu kuwa yayyafi ne a kai a kai cikin dukan watannin shekara, ga kuma rana ba ta da zafi. Don haka ƙasarsu ba ta cika bushewa ba, ciyawa kuwa ba ta hutawa sai tsakiyar hunturu.

A zamanin da, sai masu hali ke iya ajiye irin wannan fili, domin da wani dogon lauje a ke yankansa, ko kuwa a saki tumaki su yi kiwo. A shekarar 1830 wani makaniki mai suna Edwin Budding, mutumin wajen garin Stroud, ya ƙago keken yankan ciyawa. Ya ɗauko dabarar ne daga wani inji da a ke aske gashin ulu da shi a masaƙa. A 1832 kamfanin Ransomes na Ipswich ya shiga ƙera keken, a 1902 kuma ya fito da mai aiki da fetur. Daga nan abin ya zama na kowa, sa'an nan takin zamani da magungunan kashe haki su ka biyo baya.

Sannu a hankali aka gane ɓarnar da ke ciki. A ƙasa mai ruwa, takin da aka barbaɗa fiye da kima ba ya zama inda aka sa shi. Ruwa ne ke kwashe shi zuwa rafuka, ya haifar da gansakuka, ita kuwa in ta ruɓe sai ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Injin fetur ga hayaƙi ga ƙara. Har wa yau filin da a ke askewa kowane mako ba ya barin fure ya fito, watau ƙudan zuma ba su da abin ci a cikinsa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, gama wani bincike da aka buga a 1987 ya nuna tsakanin 1930 da 1984 Ingila da Wales sun yi hasarar kashi 97 cikin 100 na tsoffin makiyayansu masu furanni.

Saboda haka a 2019 wata ƙungiya mai kula da tsire-tsire, Plantlife, ta fara roƙon jama'a su ajiye keken yanka cikin watan Mayu duka, don furanni su samu fitowa. Kwalejin Sarki ta Kambirij ma, wadda filin bayanta ya ke a aske tun 1772, ta ware wani sashe nasa ta shuka furannin daji, su ka fito a 2020.

Ga waɗanda su ke son filinsu a gyare kuwa, masana sun ba da shawarwari masu sauƙi. Na farko, kada a yanke fiye da sulusin tsawon ciyawa a lokaci guda, a kuma bar ta ta kai inci biyu ko uku. Ciyawa da ganyenta ta ke samun abinci; in an aske ta ƙwal sai saiwarta ta gajarta, gansakuka da haki su samu wurin shiga. Na biyu, kada a yi yanka ciyawa na jiƙe. Wuƙar ba ta yanke ta sosai, yage ta ta ke yi, cuta ta shiga ta wurin raunin, ƙafafun keken kuma su danne ƙasa har ruwa ya kasa nutsewa. In injin na lantarki ne mai waya, akwai haɗari ga mai aikin kansa. Na uku, a riƙa wasa wuƙa. Na huɗu, kada a kwashe ɓarɓashin da aka yanka in ba ya yi tudu ba. A bar shi ya ruɓe a wurin, tana ta ja shi cikin ƙasa, ya zama taki kyauta. Inda ruwa ke kwanciya kuma, maimakon a zuba magani, sai a ɗauki ƙarfen lambu mai yatsu a huhhuda ƙasar don iska da ruwa su ratsa.

Akwai wani ɗan tsiro mai ganye uku-uku da su ke kira kuloba, wanda a da a ke kashewa da magani. Yanzu wasu shuka shi su ke yi da gangan, domin dangin wake ne da gyaɗa, ya na ƙara wa ƙasa ƙarfi ta wurin saiwarsa, kamar dai yadda manomanmu su ka sani tun kaka da kakanni.

To, amma fa ba duk abin da ya dace da Ingila ya dace da mu ba. Mu a nan doguwar ciyawa kusa da ɗaki da damina maɓoyar macizai ce da sauro, shi ya sa tun zamanin En'e duba-gari ba ya ƙyale ta, a kan sa a bi ta da langa-langa. Wannan ya na nan daidai. Abin da za mu ɗauka shi ne bambanci tsakanin rage ciyawa da kashe ta. Makarantu da ofisoshi da yawa su kan sa a kankare fili da fartanya har ya zama tsirara, ruwan Agusta ya zo ya wanke ƙasar, bayan 'yan shekaru sai ga kwazazzabo ya na cin gindin aji. Da an bar kirikiri ya shimfiɗu a na rage masa tsawo, aka dasa jema a kan gangare, da ƙasar ta zauna. Abin da aka yanka kuma kada a cinna masa wuta: ko a ba dabbobi, ko a zuba a rami ya zama takin lambun makaranta.

Mu na fata malaman makaranta za su gwada wannan da damina mai zuwa. A raba fili biyu, a kankare rabi, a bar rabi da gajeriyar ciyawa, sa'an nan bayan ruwa mai ƙarfi a kai yara su duba launin ruwan da ke gangarowa daga kowane ɓangare.