Aikin Hoto Ba Ya Ƙarewa da Latsa Kyamara

Ba a taɓa ɗaukar hotunan Wudil da yawa kamar a wannan zamani ba. A kasuwar shanu ta ranar Juma'a, da bikin yaye ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, da faretin Kwalejin 'Yan Sanda, da gidajen biki, wayoyi ne a sama ko'ina. Duk da haka ina fargabar jikokinmu ba za su gaji ko rabin abin da iyayenmu suka bar mana a cikin albam ba. A da, fim ɗaya hoto 36 yake ci, a wanke, a rubuta suna da shekara a bayansa. Yau mutum zai ɗauki ɗari biyar a wuni guda, ya bar su jibge a waya har ranar da za a sace ta ko ta faɗa ruwa.

A ganina, aikin gaske yana farawa ne bayan an watse. Da farko a tace: a zubar da mai dishi-dishi da wanda aka maimaita, domin yawa ba ya hana ɓata, sai ma ya binne na kirki. Sannan a raɗa wa kowane kundi suna da shekara da wata da rana da wuri. Hoton da ba a san waye a ciki ba, ko yaushe aka ɗauke shi, ya tashi daga shaida ya koma ado. Na uku, a adana kwafi uku: biyu a na'urori daban-daban, ɗaya a ma'ajiyar intanet ko a wani gida. A kuma sani cewa WhatsApp yana matse hoto, yana share bayanan da kyamara ta liƙa masa na rana da lokaci, sai fa idan an tura shi a matsayin fayil.

Sai batun gyara, wanda ya fi damuna. Daidaita haske da launi ba laifi ba ne, masu wanke fim ma sun yi. Amma yanzu ana mayar da amarya baƙa fara sol, ana goge wa dattijo tsagar gadonsa, ana cire katangar ƙasa a dasa benen da ba a taɓa ginawa ba. Wanda ya goge tsaga ya goge asali. A 2015, gasar World Press Photo ta ƙasar Holan ta kori kusan kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen dab da na ƙarshe saboda gyaran da ya wuce kima. Ba na cewa a auna hoton biki da ma'aunin jarida, amma ko me za a yi, a ajiye na asali a gefe, a yi gyara a kan kwafi.

Ina kira ga masu sana'ar hoto da su riƙa miƙa wa mai biki na asali tare da gyararre. Ɗakunan karatu na manyan makarantunmu kuma su buɗe taskar hotunan gari: masunta da masu kwale-kwale da masu ɗibar yashi a Kogin Wudil, da gada, da dillalan kara. Abin da muke gani kullum har muka daina lura da shi, shi ne wanda masu bincike za su zo nema gobe.