Yadda mai gyaran famfo da na'urar sanyi zai bayyana a binciken Google

Idan bututun ruwa ya fashe, ko na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya a tsakiyar bazara, mutane da dama a Yamai, Maraɗi da Damagaram salula suke ɗauka su nemi mai gyara mafi kusa. Wanda sunansa bai fito ba ya rasa aikin, kome ƙwarewarsa.

Matakin farko shi ne buɗe shafin sana'a na Google Business Profile, wanda kafin shekarar 2021 ake kira Google My Business. Kyauta ne. A rubuta sunan sana'ar na gaskiya, lambar waya mai farawa da +227, lokutan aiki da unguwannin da ake zuwa. Wanda ba shi da shago yana iya ɓoye adireshin gidansa, ya nuna yankin aikinsa kawai. Da yake masu nema da yawa da Faransanci suke rubutawa, ya kamata bayanin ya ƙunshi harsunan biyu.

Google na duba abubuwa uku wajen jera sunaye: dacewar sana'ar da abin da aka nema, kusanci, da shahara. Kusanci ba ya hannun mai sana'a, amma shahara tana ƙaruwa da ra'ayoyin waɗanda aka yi wa aiki. Saboda haka a roƙe su su rubuta ra'ayinsu, a kuma amsa ƙorafi cikin ladabi. Sayen yabo na ƙarya ya saɓa wa dokokin Google, yana iya jawo a share ra'ayoyin ko a dakatar da shafin.