Jarrabawar Ƙarin Girma: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar ƙarin girma ya fito, hira ɗaya ce ke zagaya majalisun ma'aikata, daga inuwar Sakatariyar J.B. Yakubu a Gusau har zuwa ofisoshin Tsafe da Bunguɗu. Wanda ya ci ya ce Allah ne, wanda ya faɗi kuwa ya ce ai dama sai mai uwa a gindin murhu. Ba na musun cewa akan yi alfarma a ƙasar nan. Amma a nawa ganin, illar wannan magana ita ce takan hana mutum tambayar da za ta amfane shi, wato a ina na yi kuskure? Wanda bai yi wannan tambaya ba, da shirinsa na bara zai koma zauren jarrabawa, kuma da wuya sakamakon ya sauya.

Lamarin ba na wasa ba ne. A aikin gwamnatin tarayya, ma'aikacin da ke mataki na 7 zuwa na 14 sai ya shekara uku kafin ya cancanci neman ƙarin girma, na mataki na 15 zuwa sama kuwa shekara huɗu. A tsarin da Hukumar Kula da Ma'aikata ta Tarayya ta daɗe tana bi, jarrabawa ce ke ɗauke da maki 70 cikin 100, rahoton ƙwazo na shekara 20, daɗewa a aiki kuwa 10 kacal. Ke nan furfura ba ta cetar kowa. Ga sabon ma'aikaci abin ya fi tsanani, domin kundin Dokokin Aikin Gwamnati bugun 2008 ya tanadi cewa wanda ya faɗi jarrabawar tabbatar da aiki sau uku a jere sai ya ajiye aikin. Mun kuma ga abin da ya faru a Kaduna cikin 2017, inda malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 suka kasa kai makin da aka gindaya, aka sallame su.

A Zamfara ma kujerun sama sun ragu. A 2023 Gwamna Dauda Lawal ya rage ma'aikatun jihar daga 28 zuwa 16. Idan kujeru suka yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, maki ɗaya na iya raba wanda zai hau da wanda zai sake jira.

To, daga ina gyara zai fara? Da farko, tun zafin faɗuwa bai huce ba, mutum ya ɗauki biro ya rubuta duk tambayar da ya iya tunawa, ya kasa su gida uku: waɗanda bai taɓa karantawa ba, waɗanda ya karanta amma suka kwance masa, da waɗanda ya sani amma lokaci ya ƙure kafin ya kai gare su. Kowane gida da maganinsa. Na farko karatu yake so, na biyu bita, na uku kuwa gwaji da agogo a gaba. Sau da yawa wanda ciwonsa saurin hannu ne sai ya ɓata wata shida yana ƙara tara littattafai.

Na biyu, a koma ga tushe. Yawancinmu ba mu taɓa buɗe ainihin kundin dokokin ba, sai 'yan takardun tsofaffin tambayoyi da ake gurzawa a shagunan hoto, waɗanda wasu amsoshinsu ma kuskure ne. Ga shi kuma doka tana sauyawa. An sabunta kundin tarayya da bugun 2021, wanda ya zo da abubuwan da babu su a na 2008, alal misali hutun kwana 14 ga magidancin da aka yi wa haihuwa. Wanda ya haddace tsohon bugu zai ba da amsar da ta kasance daidai jiya. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma kuwa, ya fara tambayar sashen mulki na ofishinsa wane kundi ake aiki da shi. Haka nan ya kamata ya san Ƙa'idojin Kuɗi, da Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, da sassan Tsarin Mulkin 1999 da suka kafa hukumomin ma'aikata, wato sashe na 153 na tarayya da na 197 na jihohi.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci a wurina, teburin ofis shi ne babban aji. Duk fayil ɗin da ya biyo ta hannunka darasi ne. Idan an bai wa wani takardar tuhuma, nemo dokar da aka dogara da ita. Idan bauca ta dawo daga wurin mai binciken kuɗi, tambayi dalili. Ma'aikacin da ya saba tura wa na ƙasa da shi rubuta wasiƙa da sharhin fayil, ranar jarrabawa hannunsa zai tona masa asiri.

Na huɗu, kwamfuta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, jarrabawar COMPRO ta ma'aikatan tarayya ita ma ta bi sahu. Babu kunya magidanci ya ce wa ɗansa ya koya masa. Abin kunya shi ne ya san amsa, rabin lokacinsa ya tafi a lalube.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu. Ma'aikacin da ke Tsafe ko Kwatarkwashi ba zai iya zaman ajin dare a Gusau ba, ganin yadda rashin tsaro ya mayar da tafiyar dare a hanyoyinmu kasada. Mafita ita ce mutum huɗu ko biyar su haɗu a garinsu bayan La'asar, kowa ya ɗauki babi guda ya bayyana wa sauran. Abin da ka iya koya wa wani, shi ne ka sani. Ranar jarrabawa kuma a kwana a Gusau, kada a shiga zaure da ƙurar hanya da bugun zuciya.

Hukumomi su ma da nasu nauyin. Sakamakon da iyakarsa "ya ci" ko "ya faɗi" ba ya koya wa kowa komai. A nuna wa ma'aikaci makinsa na kowace takarda, a sanar da manhaja da wuri, a ajiye kundin dokoki a kowane ofishi. Ta haka ne zargin alfarma zai ragu.

Ga ɗan'uwan da sunansa bai fito ba a wannan karo, ka karɓi jaje, amma kada ya wuce mako guda. Daga nan ka buɗe babi na farko. Allah Ya sa mu dace.