Gargaɗi ga Mutanen Dogo: Jinin Bayan Haihuwa Ba Ya Jira

Jama'ar Dogo da ƙauyukan kewaye, ku saurara. Masu ciki, ungozomomi, iyaye mata, surukai, magidanta, da ku duka ake.

Jariri ya faɗo, ya yi kuka, an rangaɗa guɗa, an tura yaro ya kai albishir. Kowa ya koma kan jariri. To, wa ke duba uwar? Wa ya tsaya ya ga fitar mabiyiya? Wa ke lura da jinin da ke bin tabarma?

Ku sani, haihuwa ba ta ƙare ba sai mabiyiya ta fita cikakkiya, mahaifa ta ɗaure, jini ya tsagaita. A wannan ɗan tsakanin ne muke rasa mata. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata wajen miliyan 14 ne ke zubar da jini fiye da kima bayan haihuwa kowace shekara, kusan 70,000 kuma su rasu. Ba abin da ya kai zubar jinin nan kashe masu jego. Mace lafiyayya tana iya cikawa cikin awa biyu in ba a tsayar da jinin ba. Awa biyu kacal. Daga ƙauyenku zuwa likitar Dogo, awa nawa ce a amalanke? Daga Dogo zuwa Damagaram fa, in dare ne, in damana ce?

Daga ina jinin ke fitowa?

Wata tara mabiyiya tana manne da bangon mahaifa, tana ciyar da ɗa. A ƙarshen ciki, jinin da ke ratsa wurin ya kai rabin lita a kowane minti. Da mabiyiya ta ɓanɓare, sai ta bar jijiyoyin jini a buɗe. Abu guda ne ke rufe su: mahaifa ta tsuke, ta matse su. In ta ɗaure, za ki ji ta a ƙarƙashin cibiya, dunƙule, da tauri kamar ɗanyen duma. In ta saki, ta yi laushi, jini zai ta kwarara. In kuma guntun mabiyiya ya saura a ciki, ko ƙanƙane ne, mahaifa ba za ta iya rufewa ba.

Shi ya sa maganar nan ta “a bari mugun jini ya fita” take kai mata kabari. Jinin biƙi daban, kwararar jini daban. Jinin biƙi kaɗan-kaɗan yake zuwa, yana raguwa. Wanda ya jiƙa zane sharkaf, aka canza wani ya jiƙe, wannan ran mace ne ke fita. Rabin lita ita ce iyaka, cikin ƙaramar gorar ruwa ke nan. Ga macen da dama ba ta da isasshen jini, abin da bai kai haka ba ma yana kayar da ita.

Me ake yi a likita da ba a iya yi a ɗaki?

Ungozomar likita, wadda muke ce wa sajfam, ba ta zaman jiran mabiyiya. Da jariri ya fito, tana taɓa ciki ta tabbatar ba tagwaye ba ne. Cikin minti guda tana yi wa mai jego allurar oksitosin a cinya, don mahaifa ta tsuke. Tana dakatawa minti ɗaya zuwa uku kafin ta yanke cibiya. Sai ta jira mahaifa ta yunƙura, ta tokare ta da hannu ɗaya a saman mara, ta bi igiyar cibiya a hankali da ɗayan. Da mabiyiya ta fito, tana shimfiɗa ta, ta duba ko cikakkiya ce. Tana duba ko mace ta ƙaru, ta ɗinke. Daga nan, kowane minti 15 har awa biyu, tana taɓa mahaifa, tana duba jini.

In jinin ya ƙi tsayawa, akwai mataki na gaba. Tun 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Nijar ta shimfiɗa tsari a faɗin ƙasa. Da farko ƙwayoyin mizoforostol. In minti 20 ya wuce jini bai tsaya ba, a sa ƴar roba cikin mahaifa, a cika ta da ruwa ta danne jijiyoyin. In abin ya faskara, a naɗe ƙafafu da ciki da rigar matsi, jini ya koma zuciya da ƙwaƙwalwa har a isa inda ake tiyata da ƙarin jini. Binciken da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023 ya nuna mutuwar mata saboda zubar jini bayan haihuwa ta ragu da fiye da rabi a ƙasar nan. A shekarar kuma, wani babban bincike a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano take cikin jagororinsa, ya nuna cewa auna jini da wuri da haɗa magunguna nan take yana rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin ɗari.

Magani yana nan, amma a likita yake. Yana kuma da wa'adi. Akwai allurar tsayar da jini da ba ta da amfani in awa uku ta wuce bayan haihuwa. Kowane minti da kuka ɓata kuna shawara a zaure, daga cikin awa ukun nan kuke cirewa.

Iya ungozoma, da ke nake

Iya, ba wanda ya raina hannunki. Rabin garin nan ke kika yanke musu cibiya. Don haka ne ma maganarki ta fi ta kowa nauyi a ɗakin haihuwa. In kika ce a tafi, za a tafi. In kika ce a jira, za a jira. Don Allah, ki ce a tafi.

In haihuwa ta zo ba shiri, ta riske ku a gida, ki kiyaye waɗannan.

Kada ki ja cibiya. Ba allura, ba horo, ja yana tsinka igiya, ko ya yaga mabiyiya, ko ya juyo mahaifa waje gaba ɗaya.

Kada ki cusa hannu ciki. Kada ki danne ciki da ƙarfi, kada a girgiza ta.

Kada a tura mata muciya a maƙogwaro don ta yi kakarin amai. Kada a turara mata barkono. Kada a ɗaura wa cibiya dutse. Wahala ce kawai, lokaci kuma yana tafiya.

Ki sa ta ta yi fitsari, domin cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa. Ki ɗora mata jariri a ƙirji ya kama nono. In an ba ta ƙwayoyin mizoforostol a wurin awo, ta sha su bayan jariri ya fito, bayan kin tabbatar babu na biyu a ciki. Kada ta sha su lokacin naƙuda, ko kusa. Suna iya fasa mahaifa, a rasa uwa da ɗa. Haka ma allurar naƙuda ta masu tallar magani. Kada ki bari a yi mata.

Ki sa a duba agogon salula. Minti 30 ya cika mabiyiya ba ta fito ba? Ku kama hanya. Jini yana zuba tun kafin minti 30? Kada ku jira ya cika.

In mabiyiya ta fito, ki murza mahaifa ta saman ciki har ta yi tauri, ki riƙa komawa kina taɓawa. Kada a yi gaggawar binne mabiyiya. A sa ta a roba mai tsabta, a tafi da ita likita tare da mai jego, a duba. Binnewa ba ta wuce ku ba.

Alamun da ba a kwana da su

Jini yana jiƙa zane bayan zane? Yana fita guda-guda? Ko kuwa ɗiga yake a hankali, amma ya ƙi tsayawa? Tana jin jiri? Tana ganin duhu? Gumi mai sanyi ya rufe ta? Tana ta neman ruwa, tana hamma, zuciyarta na bugawa da sauri? Tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari? Ta yi lamo, ana cewa barcin gajiya ne?

Ba gajiya ba ce. Ba iska ba ce, ba maita ba. Jini ne ke ƙarewa. Ku kwantar da ita, ku ɗaga ƙafafunta, ku lulluɓe ta. Wata ta ci gaba da murza mahaifa har a hanya. Ku ɗauki zannuwan da suka jiƙe, ma'aikata su ga yawan abin da ya zuba. Ku yi addu'a kuna tafe. Kada ku tsaya dafa ruwan wanka, kada ku tsaya dama kunun kanwa.

Ko an sallamo ta, ku ci gaba da sa ido har arba'in. Jini ya dawo da yawa, ko ya yi wari, ko zazzaɓi ya kama ta, ku mayar da ita ranar.

Maigida, ina shirinka?

Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin ya kai wata bakwai? Ka riƙe lambar likita da ta mai mota ko mai kabu-kabu. Ka ware kuɗin mai. Ka nemi ƴan uwa biyu ko uku da za su ba da jini in an tura ku Mirya ko Damagaram, domin jini ba a kasuwa yake ba, sai wani ya miƙa hannu. In za ka tafi cin rani Najeriya ko Libiya, ka bar izini a fili, gaban mahaifiyarka: in naƙuda ta tashi, a tafi, ba sai an neme ka ba. Mata nawa suka cika ana neman maigida a waya?

Kada ka ce maganar mata ce. A nan jihar Damagaram aka fara makarantun mazaje a 2008, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, har wasu ƙasashe suka kwaikaya. Kada kuma ka fake da kuɗi. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta sanar da cewa haihuwa kyauta ce a likitocinta. Kuɗin mota da kuɗin zaman makoki, wanne ya fi?

Ke kuma mai ciki

Ƴar uwa, kada kunya ta kashe ki. Ɓoye naƙuda ba jarumta ba ce, ko haihuwar fari ce, ko a gidanku kike goyon ciki. Ki je awo. Ki sha maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro da ake ba ki. In kin haihu biyar ko fiye, in tagwaye ne, in an taɓa yi miki aiki, in kin taɓa zubar da jini ko mabiyiya ta taɓa maƙale miki, ki gaya wa sajfam tun yau. Kada ki ce kin saba haihuwa a gida lafiya lau. Da yawa daga waɗanda jini ya kayar ba su da wata alama kafin ranar. In kin haihu a likita, ki yi haƙuri ki cika awa 24 kafin ki nemi sallama.

Limamai, ku faɗa a masallaci. Masu gari da masu unguwa, ku sa a yi shela. Mata, ku faɗa a wurin suna da bakin rijiya. Duk gidan da ke da mai ciki, a zauna yau, a san wa zai kai ta, da me, da kuma wa zai ba da jini. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka samu a hannun uwarsa.