Jan Tumatir Da Dafin Hunhuna

Maigida, ka taɓa fasa gyada ka tarar ƙwayar ta yi hunhuna, ta yi ɗaci? Kada ka ci, kada ka ba yara, kada kuma ka zuba wa kaji. A cikinta akwai dafi, likitoci suna ce masa afilatoksin.

An gano wannan dafi ne a Ingila. A shekarar 1960 talotalo kamar dubu 100 suka mutu can, da aka bincika sai aka tarar tunkuzar gyada mai hunhuna suka ci. Hunhunar nan tana kama gyada da masara da dawa in an zuba su rumbu ba su bushe sarai ba. Tafasa ba ta kashe dafinta, suya ma haka.

To, mene ne aikinsa a jiki? Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, ido ba ya ganinsu. Kowace ƙwaya tana ɗauke da tsarin da take bi wajen girma da hayayyafa. Dafin nan yakan shiga hanta ya ɓata wannan tsari. Yau kaɗan, gobe kaɗan, bayan shekaru sai ciwon dajin hanta. Mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta iri na B, shi ya fi shiga haɗari.

Ga kuma abin farin ciki. Tumatir ɗin nan da ake nomawa da rani a fadamun Birnin Kebbi da Argungu, abin da ya sa shi ja sunansa laikofin. Akwai shi kuma cikin kankana da jar gwaba. Masana sun gwada a jikin ɓeraye, sun ga yana rage ɓarnar da dafin ke yi wa hanta da ƙwayoyin halitta. Amma fa ka lura, taimako ne, ba makari ba ne. Miyar tumatir ba ta halatta cin ruɓaɓɓen hatsi.

Uwargida, ga naki aikin. Ki zaɓi tumatir wanda ya nuna ya yi jawur, mara ruɓa. Araha ba ta ado: ruɓaɓɓen da ake karyarwa da yamma a kasuwa, ki bar shi. Ki dafa shi da ɗan man gyada ko manja, don jiki ya fi shan laikofin in an dafa da mai. In za ki shanya na ajiya, a kan tabarma mai tsabta, ba bisa ƙasa ba.

Kai kuma maigida, ka busar da amfanin gonarka ƙarau kafin ka rufe rumbu, ka gyara jinka kafin damina. Ku tsince ƙwayoyin da suka ɓaci ku binne. In an yi haihuwa, a kai jariri asibiti tun ranar farko a yi masa allurar ciwon hanta.

Riga-kafi ya fi magani.