Ƙurjin Sirdin Keke: Dalilansa, Rigakafinsa da Maganinsa

Kamar yadda kowa ya sani, keke na daga cikin manyan abubuwan hawa a ƙananan hukumomi 8 na Masarautar Hadejia, wato Hadejia, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Da shi manomi ke zuwa fadama, da shi masunci ke kai kifi kasuwa, da shi ɗalibi ke zuwa makaranta. Sai dai akwai wata lalura da ke damun masu hawan keke da yawa, wadda kunya ke hana su faɗa, ita ce ƙurjin da ke fitowa a ɗuwawu da matsematsi, inda jiki ke haɗuwa da sirdi. Mun ga ya dace mu yi bayani a kanta, domin ƙaramar lalura ce idan an tare ta da wuri, amma ɓoye ta kan kwantar da magidanci ana tsakiyar aikin gona.

Abin da ke kawo shi

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su haifar da wannan ƙurji: dannewa, da gogayya, da danshi. Nauyin mutum na danne fata a kan sirdi, kowane juyin feda kuma yana sa fatar ta gogi wando. Idan gumi ya jiƙa wajen, sai fatar ta yi laushi ta saɓule. Daga nan ƙwayoyin cuta da ke zaune a kan fatar ɗan Adam, musamman wadda likitoci ke kira Stafilokokus, sai su shiga ta kafar gashi ko ta inda fatar ta tsage.

Yanayin yankinmu na ƙara wa abin ƙarfi. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, gumi ba ya yankewa. Da damina kuwa, idan Kogin Hadejia ya cika ya malala, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022, mutum kan tsallaka ruwa da keke a kafaɗa, sannan ya hau ya ci gaba da tafiya da jiƙaƙƙen wando. Hanyoyin yashi da na burji masu gargada su ma suna ƙara jijjiga.

Kada wani ya ɗauka alamar ƙazanta ce ko ragwanci. Har gwanayen tsere na duniya tana kama su. A 1989, a gasar tseren keke ta Tour de France, Laurent Fignon na Faransa ya yi kwanakin ƙarshe na gasar yana fama da irin wannan ƙurji, kuma Greg LeMond na Amurka ya doke shi da tazarar daƙiƙa 8 kacal.

Matakansa

Da farko wajen kan yi ja yana raɗaɗi kamar ƙuna. Mataki na biyu, ƙananan ƙuraje su feso a gindin gashi. Mataki na uku, ƙurji guda ya kumbura ya tara ruwa ya zama maruru. Idan aka ci gaba da hawa a kansa, yana iya fashewa ya koma gyambo mai wuyar warkewa.

Rigakafi

Na farko, a gyara sirdi. A zauna a kai, a ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkace ba. Sirdin da ya yi tsawo kan sa mutum ya riƙa murza jikinsa dama da hagu, kuma wannan ya fi shafar yaran da ke hawan keken iyayensu. Haka nan sirdi ya kasance a kwance daidai, kada bakinsa ya ɗaga sama. Wanda ya tsage, ko ƙarfensa ya fito, ko sifirin ɗinsa ya karye, a kai wa mai gyaran keke ya canza shi.

Na biyu, a daina naɗe sirdi da leda ko tsumma mai kauri. Leda na riƙe gumi, tsumma kuma na tattarewa ya yi ƙulli mai gogar fata.

Na uku, a sa wando mai tsabta, busasshe, wanda ba shi da ɗinki mai kauri a tsakiya. Wanda zai tsallaka ruwa ya riƙe wani a jaka domin ya canza.

Na huɗu, a doguwar tafiya a riƙa miƙewa tsaye a kan feda na ɗan lokaci bayan kowane minti 10 zuwa 15, domin jini ya gudana. Kafin a tashi ana iya shafa ɗan man kaɗanya ko Vaseline inda cinya ke gogayya.

Na biyar, da an sauka a wanke wajen da sabulu da ruwa mai tsabta, a tsane shi sosai. Bayan tsarki ma a tsane kafin a hau. Kada a wanke shi da ruwan kududdufi ko na magudanar noman rani, domin irin wannan ruwa kan ɗauki cututtuka, ciki har da tsargiya.

Idan ya riga ya fito

A ajiye keke na kwana 2 ko 3, ko har zafin ya lafa. A riƙa gasa wajen da tsumma mai tsabta da aka tsoma a ruwan ɗumi, minti 10 zuwa 15, sau 3 ko 4 a rana. Kada a matse shi, kada a tsaga shi da reza ko aska, domin hakan na tura cutar cikin tsoka, kuma askar da ba a tsabtace ba na iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Kada a zazzage garin kafso a kai, kada a shafa man bilicin, kada kuma a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da umarnin ma'aikacin lafiya ba.

A garzaya asibiti mafi kusa idan ƙurjin ya yi mako guda bai sauka ba, ko yana ƙara girma, ko an ji zazzaɓi, ko kaluluwa ta fito a matsematsi. Idan fatar ta yi baƙi ko tana wari, ko kumburin ya kai ga al'aura, wannan na gaggawa ne, a tafi a ranar. Mai ciwon sukari kada ya jira ko kaɗan, domin rauninsa ba ya saurin warkewa. Wanda kuma marurai ke yawan fito masa, ya nemi a auna masa sukarin jininsa. Abin da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti za a tura shi Babban Asibitin Hadejia.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su sanya wannan bayani cikin faɗakarwar da suke yi. Malaman makaranta su lura da ɗalibin da ke ɗingishi ko ya kasa zama a benci, su tambaye shi a keɓe. Iyaye su rage wa yara tsawon sirdi. Ma'aikatan lafiya kuma su karɓi mai wannan lalura cikin sirri da mutuntawa, domin wanda aka kunyata sau ɗaya ba ya dawowa.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, amin.