Abin Da Muka Gano A Karar Muwailih

 Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, Allah ya nufe mu da zuwa Hartum, karon farko ke nan. Masu masaukinmu, jikokin Hausawan da suka yada zango a hanyar Makka, suka kai mu Mugran, mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Muka haye gada zuwa Umdurman, muka ziyarci ƙubbar Mahadi, wanda ya rasu a 1885.

To, kun san halin falke, hankalinsa na kara. Muka ce sai an kai mu Muwailih, yamma da Umdurman, inda a lokacin ake sauke shanun Darfur da Kurdufan, waɗansu bayan tafiyar kusan wata biyu a ƙasa.

Can muka ga aikin mai lamuni, su "damin" suke ce masa. Shi ke tsaya wa mai sayarwa cewa dabbar ba ta sata ba ce. In mai ita ya ɓullo daga baya, damin za a riƙe.

Jama'a, yau da shanun sata ke jefa fatake hannun hukuma, me zai hana ƙungiya ta naɗa masu lamuni a kowace kara? Allah ya zaunar da Sudan lafiya, amin.